Maiduguri: Nisan Hanya Da Ɗigon Man Kuloci

Duk wanda ya buɗe taswirar Nijeriya zai hangi Maiduguri can ƙuryar arewa maso gabas, ta yi nesa da kowane babban birni na ƙasar. Daga Kano tafiyar kusan kilomita 600 ce, ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu. Injamena, babban birnin Chadi, ya fi mata kusa bisa ga Kano, balle a yi zancen Abuja ko Ikko. Garin da ke zaune a irin wannan wuri, rayuwarsa tana rataye ne a kan hanya, ita kuwa hanya tana rataye a kan lafiyar mota. Lafiyar motar kuma, kamar yadda kowane tsohon direban Barno ya sani, sau da yawa tana rataye ne a kan wani ɗan tiyon roba wanda tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba, wanda fasinja bai taɓa ganinsa ba, bai ma san da zamansa ba.

Maiduguri ba tsohon birni ba ne kamar Kano ko Katsina. Bayan da Rabeh ya rushe Kukawa a cikin 1893, aka kuma kashe shi a Kusiri a cikin 1900, sarautar Barno ta yi 'yan shekaru tana neman mazauni. A cikin 1907 Turawan Ingila suka kafa barikinsu a bakin kogin Ngadda, Shehu Garbai kuma ya kafa fadarsa a Yerwa, sunan da har gobe mutanen garin suka fi so. Jirgin ƙasa ya iso a cikin 1964, garin ya zama hedkwatar Jihar Arewa maso Gabas a cikin 1967, sa'an nan ta Jihar Barno a cikin 1976. Amma shekaru da dama ke nan rabon tashar jirgin da jin kukan jirgi, saboda haka kusan duk abin da ke shiga garin ko fita daga cikinsa a kan taya yake tafiya.

Baƙon da ya shigo ta hanyar Damaturu, abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne itatuwan darbejiya, waɗanda aka jera a gefen tituna tun zamanin Turawa, har suka zama alamar garin. Zai wuce Bulumkutu, ya kai Gidan Waya, ya ga Kasuwar Litinin wadda gobara ta cinye a watan Fabrairu na 2023 aka sāke gina ta, ya bi Dandal har ƙofar Shehu. Zai shaƙi ƙanshin turaren wuta, ya ga masu ɗinkin hula a gindin inuwa, ya ji gaisuwar Barebari mai tsawo wadda ba a gaggawa a cikinta. Amma in yana so ya san inda jinin garin ke gudana, sai ya nufi tashoshin mota. Kowace kusurwa tana da tata. Tashar Kano tana kallon yamma. Tashar Bama tana kallon hanyar Konduga da Bama da Banki. Muna tana bakin hanyar Mafa da Dikwa da Gamboru Ngala, inda ake ƙetarawa Kamaru a nufi Chadi. Hanyar Baga kuwa ita ke kawo bandar kifin Tafkin Chadi, wadda ake ɗaurewa a kwali a yi lodinta zuwa Anaca da Ikko. Ta kudu ga hanyar Damboa da Biu. Shanu da wake da tattasai suna fita, siminti da sukari da atamfa suna shiga.

Kusa da kowace tasha akwai garejin makanikai, galibi ba rufi sai na darbejiya, ba daɓe sai rairayin da baƙin mai ya rina. A nan ne baƙo zai ga abin da ya fi kowane aiki yawan maimaituwa: yaro ɗaya yana zaune a kujerar direba yana taka kuloci yana saki, maigidansa yana kwance a ƙarƙashin mota da sifana a hannu, yana cewa a taka, a riƙe, a saki. Iska suke fitarwa. Domin a gane dalilin wannan aiki, sai an san yadda kulocin yake.

Aikin kuloci shi ne raba injin da giya na ɗan lokaci, don direba ya tashi mota ko ya canza giya ba tare da haƙoran giyabos sun ci juna ba. Hanya biyu ce ake kai ƙarfin ƙafar direba zuwa gare shi. Wasu motoci waya ce ke ja, kamar yadda yake a babur da tsohuwar Volkswagen mai kama da ƙwaro. Wasu kuwa ruwan mai ne ke turawa, kamar Peugeot 504 wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a cikin 1975, da Toyota Hiace da Hilux da Land Cruiser, watau motocin da suka daɗe suna cin hanyoyin Barno. A irin waɗannan akwai famfo biyu. Na sama yana manne a bayan feda, da ɗan kofin mai a kansa ko kusa da shi. Na ƙasa yana jikin giyabos. In direba ya taka, famfon sama ya tura mai ta cikin bututu, man ya tura fistin ɗin famfon ƙasa, shi kuma ya ɗaga farantin kuloci. Tun ƙarni na 17 wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, ya bayyana asirin abin: ruwan da aka kulle a rufaffen wuri ba ya matsuwa, duk ƙarfin da aka danna masa a nan sai ya isar da shi can. Iska kuwa tana matsuwa. Saboda haka da zarar mai ya sami ƙofar fita, iska ta sami ta shiga, ƙarfin ƙafa sai ya ƙare a kan matse iska, kuloci bai motsa ba.

Mafi yawan bututun nan na ƙarfe ne, an ɗaure shi a jikin mota. Amma injin da giyabos suna zaune ne a kan robobi, suna girgiza suna motsi, musamman a kan gargada. Da za a kai ƙarfe har jikinsu da ya karye cikin 'yan kwanaki. Don haka aka sa ɗan tiyon roba mai saƙa a cikinsa a tsakani, ya riƙa lanƙwasa yana bin motsin injin. Wannan tiyo da mahaɗansa su ne wurin rauni, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mahaɗan iri-iri ne. Akwai inda bututun ƙarfe ke shiga da noti mai matse bakinsa da aka buɗa kamar bakin kakaki. In aka ɗaure shi a karkace zaren ya cinye, in aka matsa fiye da kima bakin ya tsage. Akwai inda kan tiyo yake kamar zobe, ƙusa mai rami ta ratsa shi, da washa biyu na jan ƙarfe sama da ƙasa. Waɗannan washa sau ɗaya aka yi su su matsu su toshe kafa, wanda ya kwance ya mayar da tsofaffin ya sayi ɗigo da kuɗinsa. Motocin baya-bayan nan kuwa da yawa ba noti gare su ba, kan bututun ake turawa ya shige, ɗan zoben roba ya toshe, wani siririn ƙarfe ya riƙe. In ƙarfen nan bai zauna daidai ba, mota tana iya fita gareji lafiya lau, sai a tsakiyar daji bututun ya fice gaba ɗaya, man ya tsiyaye a taki ɗaya. Ga kuma inda aka matse roba a cikin kan ƙarfe tun daga masana'anta, nan ne tsohon tiyo ya fi fara jiƙewa.

Ko'ina a duniya roba tana tsufa, amma ƙasar Barno tana gaggauta mata. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri yakan haura digiri 40 a inuwa, a ƙarƙashin bonet kuwa, kusa da bututun salansa, abin ya wuce haka nesa. Roba ta bushe, ta yi tauri, ta fara tsattsagewa kamar diddigen manomi. Da hunturu ya shigo, ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara tana shiga kowace kafa. In robar da ke rufe bakin famfon ƙasa ta yage, ƙura ta haɗu da mai ta zama kamar garin dutse, tana goge cikin famfon duk lokacin da aka taka. Unguwanni da yawa kuma titunansu rairayi ne, direba ba shi da dabara sai ya riƙe rabin kuloci yana ba da wuta don kada ya kafe, zafi kuwa yana ta hauhawa. Can wajen Dikwa da Ngala ga firgi, baƙar ƙasar nan da ake shuka masakwa, wadda da rani takan dare ta yi ramuka masu karya ƙashin mota, da damina kuma ta zama taɓo mai manne wa duk abin da ke ƙarƙashinta. Girgizar irin wannan hanya tana kwance noti, tana sa tiyo ya riƙa gugar ƙarfe har ya huje.

Wani lokaci tiyon ba ya ɗigo, amma ya mutu daga ciki. Saƙarsa ta saki, in an taka sai ya kumbura kamar balan-balan ya shanye ƙarfin. Ko kuwa fatar cikinsa ta ɓare ta toshe hanya, mai ya tafi ya kasa dawowa, kuloci ya ƙi kamawa sosai, farantin ya yi ta sulɓi har ya ƙone. Mai mota ya sayi sabon faranti da tsada, bayan 'yan makonni ya sāke ƙonewa, alhali mai laifin yana nan a rataye ba wanda ya tuhume shi.

Shi kansa man abin lura ne. Man birki ne ake zubawa, wanda ake rubuta DOT 3 ko DOT 4 a jikin gwangwaninsa. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, DOT 4 kuwa 230. Amma yana da hali guda: yana shan laimar iska. In ya sha ruwa, na farkon yakan sauko wajen digiri 140, na biyun 155, ruwan kuma yana haifar da tsatsa a cikin famfo. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa suka ce a sauya shi duk shekara biyu, shi ya sa kuma gwangwanin da aka buɗe aka bari a rumfa wata da watanni ba abin amincewa ba ne. Mafi muni shi ne a zuba man injin ko man giya a kofin, domin robobin cikin famfo ba a yi su don irin wannan mai ba. Sai su kumbura su yi laushi, cikin 'yan kwanaki famfo biyu da tiyo duk sun tashi aiki. Akwai kuma tsohuwar dabarar direbobin daji ta kaɗa ruwa da garin sabulu a zuba in mai ya ƙare. Takan fitar da mutum daga daji, gaskiya ne, amma ruwa yana tafasa a digiri 100, kuma wanda ya iso gari bai wanke ya sauya ba, ya bar tsatsa tana yi masa aiki a ɓoye. A kasuwar kayan gyara kuma akwai sabo na ainihi, akwai ɗan Kwatano wanda ya riga ya ci rabin ransa a Turai, akwai jabu mai kyan kwali. Araha dai ba ta ado.

Daga cikin 2024 makanikan Yerwa suka sami wani sabon abin lura. Ran 10 ga watan Satumba na wannan shekara madatsar ruwa ta Alau, wadda ke kan kogin Ngadda a kudu da garin, ta ɓalle cikin dare, shekara talatin daidai bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya mamaye Gwange da Gamboru da Gidan Waya da Kasuwar Litinin, ya shiga fadar Shehu da Asibitin Koyarwa na Jami'a da gidan namun daji. An yi hasarar rayuka, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, motoci kuwa suka kwana da kwanaki a cikin ruwa har rufi. Da ruwa ya janye, masu motoci suka juye man injin, suka shanya kujeru, suka sauya batir. Amma murfin kofin man birki yana da 'yar kafar shan iska, kuma ruwa da laka suna kwanciya a bayan robar famfo da kan notoci. Motar da ta nutse ba a sauya mata wannan mai ba, tana iya yin watanni tana aiki kafin tsatsa ta ci robar famfo ta fara zuba. Wanda zai sayi tsohuwar mota a garin da aka yi ambaliya, ya kyautu ya buɗe wannan ɗan kofi ya dubi launin abin da ke ciki.

To, mene ne haɗarin? A cikin gari, in feda ta faɗi ƙasa ta ƙi dawowa a tsakiyar cunkoson Keke Napep, waɗanda suka cika tituna tun da aka hana hawa babur a cikin 2011, motar da ke cikin giya ba ta rabuwa da injin, sai ta yi ta tura kanta gaba direba yana fama da birki. Man da ke zuba daga famfon sama yakan gangaro ta cikin mota ya jiƙa feda, ƙafa ta zame. Wanda ya ɗiga a kan salansa mai zafi yana iya kamawa da wuta, wanda ya taɓa fenti kuma ya cinye shi. A motocin da famfon ƙasa yake can cikin kwanon giyabos, ɗigo yana ɓata farantin kuloci, gyaransa kuma sai an sauke giyabos ɗungum. Motoci da yawa kofi ɗaya birki da kuloci ke sha. Masu ƙira sun sa bakin na kuloci a sama don kada ya shanye rabon birki, amma direban da ya ga mai yana raguwa bai bincika ba, bai san ko ta wace ƙofa yake fita ba, mai yiwuwa ta birkin ce. A gangaren duwatsun Biu, inda babbar mota ke dogara ga ƙaramar giya don ta riƙe nauyinta, rashin iya sauya giya ba ƙaramin abu ba ne.

Amma abin da ya bambanta Barno da sauran wurare shi ne tsadar tsayuwa a hanya. Tun daga rikicin da ya ɓarke a watan Yuli na 2009, hanyoyin jihar suka shiga wani hali. A shekarun da abin ya tsananta an rufe da dama daga cikinsu, har ya zamana hanyar Damaturu ce kusan kaɗai ƙofar garin. A cikin 2016 aka buɗe wasu, irin su ta Dikwa da Gamboru da ta Damboa, motoci suka riƙa tafiya a ayari da rakiyar soja. Tafiyar ayari da shingayen bincike tafiya ce ta tashi da tsayawa, ƙafar hagu ba ta hutawa, ɗigon da zai yi mako a gari sai ya ƙarar da kofi a wuni guda. Motar da ta mutu a ayari kuwa ta sa kowa cikin tsaka mai wuya, a jira ta ko a bar ta. Ran 9 ga watan Fabrairu na 2020, matafiyan da suka iso Auno, kimanin kilomita 25 daga Maiduguri, bayan an rufe ƙofar shiga gari da yamma, suka kwana a cikin motocinsu a bakin hanya. Cikin dare 'yan bindiga suka auka musu, suka kashe mutum wajen talatin, suka ƙone motoci. Tun daga ranar babu direban hanyar Jakana da Mainok da Benisheikh da ke bukatar a gaya masa darajar sa'a guda. Ƙwararren direba yana iya tayar da mota a cikin giya da sitata, ya riƙa sauya giya da kunne yana daidaita kukan injin, ya lallaɓa har gari. Amma wannan dabara tana cin batir da haƙoran giya, kuma ba ta da amfani a inda za a tsayar da mutum sau goma.

Saboda haka direbobin da suka tsufa a wannan sana'a suna da al'adarsu. Bayan sallar asuba, kafin 'yan kamasho su fara kiran fasinja, mutum zai buɗe bonet ya dubi kofin mai, ya ga ko yana tsakanin layukan nan biyu, ya kuma dubi launinsa. Mai kyau garai-garai yake kamar man gyaɗa, wanda ya yi baƙi kuwa roba ce ke narkewa a cikinsa. Zai duƙa ya dubi rairayin da motar ta kwana a kai. Zai shafa tiyon da yatsa daga kai zuwa kai, ya lanƙwasa shi kaɗan ya ga ko akwai tsaga. A nan ƙurar Barno takan yi rana, domin duk mahaɗin da ke jiƙewa sai ƙura ta manne masa ta yi baƙin dunƙule, ta tona asirinsa tun bai fara ɗiga ba. Zai sa yaron mota ya taka ya riƙe, shi yana kallon ko tiyon zai kumbura, yaron kuma yana jin ko fedar tana nutsewa a hankali. Zai leƙa ƙarƙashin sitiyari ya taɓa bayan feda. A cikin akwatinsa kuma ba a rasa gwangwanin mai wanda ba a fasa ba, da tiyo sabo, da washa, da sifanar da ta dace da notin, domin filaya ita ce ke cinye kan noti. Ƙara mai ba gyara ba ne, rufaffen wuri ne, in ya ragu akwai inda ya bi.

Fasinja ma yana da nasa rabo. Wanda ya ga direba yana buga kuloci sau biyu ko uku kafin giya ta shiga, ko ya ji tana ƙara tun a cikin tasha, yana da ikon ya yi magana cikin ladabi, ya ce, "Malam direba, a duba motar nan tukuna." Jinkirin rabin sa'a a gindin darbejiya, inda akwai makaniki da mai shayi da ruwan alwala, ya fi na minti goma a tsakanin Mafa da Dikwa. Shugabannin ƙungiyar direbobi da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a cikin 1988, sukan dubi taya da fitila da yawan lodi, kuma da za a riƙa buɗe bonet a bakin tasha a dubi wannan ɗan kofi, da an rage yawan motocin da ake gani a gefen hanya an jera musu ganye.

Mutanen Yerwa sun ga yaƙi, sun ga gobara, sun ga ruwa, kowane karo kuma sun share ƙofar gida sun buɗe kasuwa, motoci sun ci gaba da fita ta kusurwa huɗu da kifi da shanu da 'yan makaranta da masu ziyarar dangi. Abin da ya fi ƙarfin mutum sai a bar wa Allah. Amma tiyon da kuɗinsa bai kai na cika tanki ba, wannan yana cikin abin da aka bar wa mutum, kuma Hausawa sun riga sun faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.